Waƙar Karen Mota: Daga Kuntigin Ɗanmaraya Zuwa Garejin Apo

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na daɗe ina riƙe da wannan karin magana hannu bibbiyu, musamman tun lokacin da na shigo wannan sashe na fara ɗaukar darasin waƙar baka. Abin har ya kai ni ga raina duk wanda ya ɗauki waƙar wani tsohon makaɗi ya sake rera ta da kayan kiɗan zamani, domin a ganina ɗayan biyu ne, ko dai ɓarawo ne, ko kuwa malalaci ne wanda ya kasa ƙirƙiro tasa. A wannan ɗan rubutu ina so in ba 'yan uwana ɗalibai labarin waƙa guda ɗaya, wato waƙar Karen Mota ta marigayi Alhaji Ɗanmaraya Jos, da bakuna huɗu da na ji ta a cikinsu, da kuma yadda wani yaro mai koyon kanikanci a unguwar Apo ta Abuja ya sa na sake duba wancan ra'ayi nawa. Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri idan ya ga na sako labarin gidanmu a ciki, domin ba yadda zan yi in raba shi da labarin waƙar.

Baki na Farko: Mai Waƙar

Sunan Ɗanmaraya na yanka shi ne Adamu, kuma an haife shi a garin Bukur kusa da Jos a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukur, amma ya rasu Adamu yana jariri, ba da daɗewa ba mahaifiyarsa ma ta bi bayansa, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan ne laƙabin Ɗanmaraya ya samo asali. Tun yana yaro ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri inda ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, ya haɗa nasa, kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah Ya jiƙansa.

Ga wanda bai taɓa ganin kuntigi ba, wani ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe bakinsa da fatar akuya, a zura masa ɗan sanda. Da wannan abu da bai fi tafin hannu biyu ba Ɗanmaraya ya zaga ƙasashen duniya, har gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. Haka kuma ya bambanta da manyan makaɗa irin su Shata da Ɗanƙwairo ta wata fuska muhimmiya, wato shi ba ya tafiya da 'yan amshi. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, kuma idan labarin da yake bayarwa yana da mutane biyu ko uku, shi ne zai riƙa sauya murya yana yin maganar kowannensu, kamar yadda duk wanda ya saurari Jawabin Aure ko Gulma Wuya zai iya shaidawa.

Waƙar Karen Mota ita ce ta fara fito da shi, kuma har yau tana cikin waɗanda aka fi saninsa da su. Abin lura a nan shi ne wanda aka yi wa waƙar. A al'adar kiɗan Hausa sarki ake yi wa waƙa, ko attajiri, ko ɗan dambe, ko manomi ƙaƙƙarfa, wato wanda yake da abin bayarwa ko yake da bajintar da za a yi tutiya da ita. Karen mota kuwa shi ne ƙarshen kowa a tasha. Shi ne mai ɗora kaya da sauke su, mai kiran fasinja, mai kwance taya idan ta yi faci, mai tura mota idan ta mutu, mai kwana a ƙarƙashinta yana gadi alhali direba yana cikin gari. Sunan ma kansa ya isa shaida, domin ɗalibin harshe ya san matsayin kare a tunanin Bahaushe, kuma ya san cewa ba don girmamawa aka haɗa wannan kalma da mota aka laƙaba wa ɗan Adam ba. Shi ya sa a yau aka fi jin ana cewa yaron mota ko kwandasta. To wannan mutum da ba shi da ko sisin da zai yi kari, shi Ɗanmaraya ya zaɓa ya sa a bakin duniya, gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna suka yi ta yaɗa waƙar, daga baya kaset ya kai ta kowace tasha da kowane teburin mai shayi.

Baki na Biyu: Mahaifina

Ni dai ban fara jin wannan waƙa daga rediyo ko kaset ba, daga bakin mahaifina na fara jin ta. Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana karen mota a wata babbar motar katako da ke ɗaukar albasa da hatsi daga Funtuwa zuwa Ikko, ta juyo da goro, kafin daga baya ya samu lasin ya zama direba. A wancan zamani hanyarsu ita ce ta Birnin Gwari, su faɗa Tegina, su wuce Makwa, su haye gadar Jaba, sannan Ilori da Badun. Ko da na yi wayo ya riga ya zama direba, amma hannunsa na hagu babu rabin ɗan yatsa manuni. Ya rasa shi ne wata rana da motarsu ta mutu a kan hawa, ya diro da gudu domin ya sa weji a bayan taya, motar ta ɗan zamo baya kafin ya janye hannu.

Idan Baba ya dawo daga tafiya ya ci tuwo ya sha ruwa, yakan jawo kwanon sha ya kife, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da wannan guntun yatsa yana rera waƙar ƙasa-ƙasa. Ba shi da muryar waƙa, kuma ba ya bin ta yadda take a kaset. Yakan riƙe karin da gindin waƙar, sauran kuwa sai ya cusa nasa. Akwai wani ɗa da ya ƙara wanda a cikinsa yake jero garuruwan waccan hanya ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da akan ci a kowanne, idan ya iso Tegina sai ya ambaci yatsan da ya baro a can, ya yi dariya, mu ma mu yi.

Sai dai da na girma na shiga makarantar kwana, dariyar ta koma kunya. Duk takardar da aka ba ni aka ce in rubuta sana'ar mahaifi, ɗan kasuwa nake rubutawa. Idan abokaina suka zo gidanmu na ga Baba ya jawo kwano, sai in san dabarar da zan yi in fitar da su waje. Baba ya rasu a shekarar 2019, shekarar da na samu gurbin karatu a jami'a. A aji biyu, ranar da malaminmu ya sa mana wannan waƙa a aji domin mu fitar da jigonta da salonta, ni ne na fi kowa bayani, na yi magana a kan yadda makaɗin ya ɗaukaka talaka, har malam ya yaba mini. Amma ban gaya wa kowa a ajin ba cewa ni ɗan karen mota ne.

Zamana a Apo

Kowa a cikinmu yana tune da yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da zaman gida ya ishe ni, sai mahaifiyata ta ce in tafi Abuja wurin Baffa, ƙanin mahaifina, ko na samu abin da zan riƙa taɓawa. Baffa bakanike ne, ya fi shekara ashirin yana gyaran mota a Apo.

Wanda bai san Abuja ba, idan ya ji an ce Apo, abin da zai fara zuwa ransa shi ne rukunin gidajen da aka gina wa 'yan majalisar tarayya. To Apon da na zauna daban take. Wani makeken wuri ne da ake ce wa Apo Makanik, cike da rumfunan kanikawa da masu faci da masu walda da masu fenti da masu gyaran wayar mota, ga kuma jerin shagunan masu sayar da kayan gyara sababbi da na gwanjo, waɗanda galibinsu 'yan ƙabilar Ibo ne. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai, kuma tun daga safe har magariba ba abin da kake ji sai ƙarar guduma da janareta da kiɗa iri-iri, na Ibo da na Yarbawa da na Hausa, kowa da nasa. Da yake ban iya riƙe ko sifana ba, sai Baffa ya ba ni littafin lissafi da aiken sayo kaya, yaran gareji kuma suka sa mini suna Malam.

A cikin yaran akwai wani ƙarami da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, wanda kowa ke ce wa Auta. Shi ne mai wanke kayan aiki da fetur, mai ɗauko jak, mai shiga ƙarƙashin mota ya kwance abin da manya ba sa son kwantawa a ƙasa dominsa, kuma shi ne mai sayo abinci. Ya taɓa gaya mini cewa da ya zo Abuja aikin kwandasta ya so yi, sai ya tarar tun shekarar 2013 hukumar birnin ta hana ƙananan motocin bas shiga tsakiyar gari, aikin ya yi wuyar samu, shi ne wani ɗan garinsu ya kawo shi wurin Baffa.

Baki na Uku: Mai Fiyano

Wata Asabar wani attajiri da Baffa ke yi wa gyara ya gayyace mu bikin 'yarsa a wani babban ɗakin taro a cikin gari. An ɗauko wani matashin mawaƙi da mai kaɗa masa fiyano. Ana cikin shagali sai na ji wani kari da na sani, na kasa kunne, ashe karin Karen Mota ne aka ɗora a kan kiɗan zamani mai sauri. Muryar mawaƙin tana da zaƙi, kiɗan kuma ya tsaru, ba zan ɓoye wannan ba. Amma abin da ya yi da waƙar shi ne ya kwashe duk abin da ke cikinta ya zuba sunayen alhazan da ke zaune a manyan kujeru, da irin motocin da kowannensu ya zo da su. Karen motar bai fito ba sai sau ɗaya, a matsayin abin zambo, inda aka kwatanta wani da bai yi liƙi ba da shi, jama'a suka fashe da dariya. Kuɗi kuwa ya zuba kamar ruwa. Har aka tashi ban ji ya ambaci sunan Ɗanmaraya ba.

A hanyarmu ta komawa na yi ta faɗa a mota, ina cewa wannan ai sata ce da rana tsaka, kuma irin waɗannan su ne ke kashe mana al'ada. Baffa bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce, "Malam, kai da ka yi karatun abin ai ka fi ni sani. Ni dai abin da na gani, an ari rigar talaka an sa wa mai kuɗi, kuma ba a ce an gode ba." Wannan dare ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina na farko.

Baki na Huɗu: Auta

Bayan kamar mako uku, wata rana da azahar aiki ya yi sauƙi, ina zaune a kan benci ina haɗa lissafi, sai na ji wannan kari dai yana tashi daga wata 'yar ƙaramar waya da aka jingina a jikin batir. Wannan karon kiɗan kwamfuta ne, an kuma sa wa muryar na'urar nan da ke sa ta rawa kamar ana waƙa a cikin tulu. Raina ya ɓaci, na ce wa Auta ya kashe, na tambaye shi wane ɓarawon ne kuma wannan. Sauran yaran suka kwashe da dariya, suka ce ai ga ɓarawon nan a gabanka. Ashe Auta ne da kansa. Ya yi wata huɗu yana tara ɗan abin da masu mota ke ba shi, ya je wani ɗan ƙaramin situdiyo a Mararraba aka ɗaukar masa.

Na ce masa, "Auta, ka san waƙar wa ka ɗauka?"

Ya ce, "Waƙar Oga ce, Malam. Kullum in yana ƙarƙashin mota ita yake yi."

Na ce, "Ba ka taɓa jin sunan Ɗanmaraya Jos ba?"

Ya ce ya taɓa jin sunan, amma bai san waƙarsa ba ce. Na yi lissafi a raina, na ga lokacin da Ɗanmaraya ya rasu yaron nan bai fi shekara goma ba. Sai na ce ya sake kunna ta daga farko domin in nuna masa wuraren da ya ɓata.

Ya sake kunnawa, na saurara da kunnen mai neman laifi. Ya mayar da karen mota yaron gareji, ya kawo wankin sifana da fetur, da zafin salansa a bayan hannu, da mai motar da zai ba oga dubbai ya ba yaro naira ɗari. Duk wannan nasa ne. Can wajen tsakiya sai na ji ya fara jero garuruwa, Funtuwa, Birnin Gwari, da abin da akan ci a kowanne. Gabana ya faɗi. Da ya iso Tegina sai ya ambaci yatsan da aka baro a can. Na dubi hannayensa, yatsunsa goma cif.

Wannan ɗa ba ya cikin waƙar Ɗanmaraya da nake da ita a wayata, wadda na saurara ya fi sau hamsin lokacin da nake shirin jarrabawa. Na Baba ne. Na tambayi Auta ko ya taɓa zuwa Tegina, ya ce bai ma san inda take ba, shi dai haka ya ji Oga yana yi, kuma wurin ne ya fi yi masa daɗi a duk waƙar. Na tashi na zaga bayan wata motar da aka ɗage a kan duwatsu, na daɗe a can kafin in iya dawowa.

Da daddare na tambayi Baffa. Ya ce shi ma ba daga kaset ya koye ta ba, daga bakin yayansa ya koya, lokacin da Baba ya ɗauko shi daga ƙauye yana yaro ya kai shi koyon gyara a tashar Funtuwa. Ya ce, "Yaya ne ya biya mini kuɗin koyon aikin nan da kuɗin karen mota. Kai ma kuɗin makarantarka na farko daga nan ya fito. In ina ƙarƙashin mota na tuna shi, sai in ji ta fito da kanta." Sannan ya dube ni ya ce, "Ya san kana jin kunyar waƙar. Ya taɓa gaya mini. Ya ce a ƙyale ka, in ka girma za ka daina."

Aron Waƙa a Ƙasar Hausa

Bayan wannan rana na koma kan abin da aka koya mana a aji, na ga ashe amsar tana ciki, ni ne ban haɗa ta da rayuwa ba. Duk wanda ya karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya san gindin waƙa da ɗiyan waƙa. Gindi shi ne ke zaune, ɗiya kuwa makaɗi yana iya ƙara su ko ya rage su gwargwadon wuri da lokaci da mutanen da ke gabansa. Wanda ya tara Bakandamiyar Shata da aka ɗauka a wurare daban-daban zai ga ba biyu da suka zo daidai. Ke nan abin da muke kira waƙa ta asali, sau da yawa rerawa ɗaya ce kawai daga cikin ɗaruruwa, wadda aka yi dace akwai na'urar ɗaukar magana a wurin. Abin da Baba ya yi, da abin da Auta ya yi, wato riƙe gindi da ƙara ɗiya, shi ne abin da makaɗan baka ke yi tun fil'azal.

Bugu da ƙari, aron kari tsohon abu ne a adabinmu. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya ɗauki karin kiɗan Caji, wanda kiɗan nishaɗi ne, ya ɗora masa wa'azi, aka samu Imfiraji wadda muke nazari a yau. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Indiya mai suna Rani Rupmati ya mayar da ita kan goge da kalmomin Hausa. A Kano an yi ƙungiyar masu bandiri ta Ushaƙu Indiya, waɗanda suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna mayar da su yabon Annabi (SAW). Sannan ga gado, inda 'ya'ya ke ci gaba da rera waƙoƙin iyayensu, kamar yadda Sanusi Shata da Nasiru Garba Supa da zuriyar Ɗanƙwairo suka yi. Da a ce kowace waƙa bakin mai ita kaɗai aka yarda ta fito, da yawancin waƙoƙinmu an binne su tare da masu su.

Haƙƙin Mai Waƙa

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kowa ya ɗauki waƙar kowa yadda ya ga dama. Akwai wani labari daga Afirka ta Kudu da ya kamata kowane ɗalibin waƙa ya sani. A shekarar 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya ɗauki wata waƙa mai suna Mbube, wato zaki, a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, aka ba shi 'yan sulalla kaɗan. Faifan ya kai Amurka, Pete Seeger da ƙungiyarsa suka sake rera ta a farkon shekarun 1950 da sunan Wimoweh, domin haka kunnensu ya jiyo kalmar Zulun. A 1961 wata ƙungiya mai suna The Tokens ta rera ta da kalmomin Ingilishi, ta zama ta ɗaya a Amurka, sannan a 1994 kamfanin Disney ya sa ta a fim ɗin The Lion King. An samu dukiya mai yawa da wannan waƙa, amma Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka yi sulhu da 'ya'yansa. Waƙar ta rayu saboda masu maimaita ta, amma an shafe fiye da shekara sittin ana cin guminta ba tare da iyalin mai ita ba.

A Nijeriya akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Idan muka yi lissafi da Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, za mu ga waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen shekarar 2085. Saboda haka wanda zai ɗauke su ya nemi kuɗi da su, akwai magada da ya kamata ya nemi izininsu.

A nan ne na gane bambancin mai fiyano da Auta, duk da cewa dukkansu ba su ambaci Ɗanmaraya ba. Mai fiyano ya san waƙar wa ya ɗauka, ya ci kuɗi da ita, sannan ya juya ta ta koma zagin mutumin da aka yi ta dominsa. Auta kuwa bai sani ba, bai samu ko kwabo ba, hasali ma kuɗinsa ya kashe, kuma ya bar waƙar a hannun mutanenta, domin yaron gareji da karen mota Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ni kuma da nake da ta asalin a waya, na haddace jigonta da salonta, ni ne na yi shekaru ina ɓoye karen motar da ya haife ni.

Washegari na kunna wa Auta ta Ɗanmaraya. Ya saurara shiru har ta ƙare, ya ce a sake. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da na gaya masa duk wannan kiɗa daga tsirkiya ɗaya da gwangwani yake fitowa. Kafin in bar Abuja na cire wani abu daga ɗan kuɗin da Baffa ya sallame ni da shi, muka tafi Mararraba tare, aka ƙara wa waƙarsa 'yar gabatarwa a farko, inda ya faɗi da bakinsa cewa waƙar ta Alhaji Ɗanmaraya Jos ce, ɗan da ke maganar hanyar Ikko kuma na wani karen mota ne daga Funtuwa, ya faɗi sunan Baba. Na kuma gargaɗe shi cewa ranar da ya ga za ta fara kawo masa kuɗi, to akwai masu haƙƙi a Jos da zai fara nema. Waƙar ba ta yi tashe ba, iyakarta wayoyin yaran garejin Apo da tawa.

Kammalawa

Har yanzu ina nan a kan cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, domin a cikin bakuna huɗun nan babu wanda ya kama ƙafar Ɗanmaraya. Abin da na daina shi ne yi wa duk mai maimaita waƙa kuɗin goro. Yanzu idan na ji an sake rera tsohuwar waƙa, abu uku nake dubawa: ko an ambaci mai ita, ko an ba magadansa haƙƙinsu idan ana cin kuɗi da ita, da kuma ko wanda aka yi waƙar dominsa yana nan a cikinta da mutuncinsa.

Daga ƙarshe ina da shawara ga 'yan uwana ɗalibai, musamman waɗanda ke neman batun kundin kammala digiri. Mun saba mu ɗauko waƙa daga kaset ko intanet, mu rubuta ta, mu fitar da jigo da salo, mu miƙa. Amma a tashoshin mota da gareji da ɗakunan girki na iyayenmu mata akwai rerawa iri-iri na waɗannan waƙoƙi, da ɗiyan da talakawa suka ƙara da kansu, waɗanda ba wanda ya taɓa ɗauka. Kowannenmu yana da waya a aljihu. Ni na yi shekara goma sha tara tare da Baba, ban taɓa ɗaukar muryarsa ko sau ɗaya ba, kuma ba don Baffa da Auta ba da ɗan da ya ƙara ya tafi tare da shi. A fom ɗin rajistar da na cike bana, a gurbin sana'ar mahaifi na rubuta direba, na ƙara da cewa ya fara ne da karen mota. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.